Sanarwa Ta Biyu

Baba Philemon ya karanta sanarwar taron matasa, ya karanta ta sharar harabar coci ranar Asabar, har cigiyar wata lema da aka manta a bencin baya sai da ya yi. Daga nan ya ninke takardarsa ya cusa a aljihu ya sauka.

Shi ke nan fa. Babu sunan Keturah, babu na Othniel.

A cocin nan nasu na unguwar Karewa sau uku ake sanar da aure, Lahadi uku a jere. Makon jiya aka yi ta farko, 'yan Zumuntar Mata suka yi ta rangaɗa guɗa har sai da Fasto ya ɗaga musu hannu. Yau ce ranar ta biyu. Duk wanda ya tashi a cocin kuwa ya san ma'anar a tsallake ta biyu: sakamakon gwajin jini ya iso, kuma abin da ke cikinsa ba mai daɗi ba ne.

Da a bencin baya Keturah take, da ta sulale ta gudu. To ina! 'Yar kwaya ce, wato mawaƙan coci, kujerarta na fuskantar jama'a, mutum ɗari huɗu da ɗoriya. Tana kallo kawuna suka fara haɗuwa bibbiyu. Wadda ke gefenta, da suke riƙe da littafin waƙa ɗaya, ta saki littafin ta ja jikinta, wai ita gyara zama take.

Keturah ba ta yi kuka ba. Ta kafa wa Othniel ido, can a benci na uku kusa da uwarsa. Gogan naka ya sunkuyar da kai yana ta buɗe Littafi Mai Tsarki kamar yau ya fara ganinsa.

"Za ku gani," ta faɗa a ranta. "A nan kuka tozarta ni, a nan zan rama. Ɗaya bayan ɗaya."

*

Ranar Alhamis abin ya faru, a ofishin kwamitin aure.

Dokar cocin ita ce masu shirin aure su je gwajin jini, amma ba a ba su sakamakon a hannu. Ɗakin gwajin ne ke rufe shi a ambulan, ya buga hatimi, ya aika wa kwamiti, a buɗe a gaban dattawa da iyaye. Bisa ƙa'ida ma ba a fara sanarwa sai ambulan ya iso. Amma Baba Philemon, sakataren coci, tsoho mai zumuɗin tsiya, ya ce ai waɗannan 'ya'yan gida ne, malamar makaranta da ma'aikacin gwamnati, me za a samu a jininsu? Ya yi sanarwar farko tun ambulan na hanya, kamar yadda ya saba.

Da ya farke ambulan ɗin ya duba, ya goge gilashinsa ya sake dubawa.

"'Yata, an ce kina da ciwon hanta. Nau'in C."

"Na taɓa yi, Baba," Keturah ta ce, hankalinta kwance. "Na warke, shekara huɗu ke nan."

Ta ba su labarin da ba ta son bayarwa. Shekarar da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi tana ɗaliba a can. Kwana biyu suka yi suna tafiya a ƙasa ta cikin duwatsu, suka samu wata motar kaya ta kwashe su, motar kuma ta kife da su. Ƙarfe ya yanke ta a cinya, ta zubar da jini ba kaɗan ba. A wani ɗan asibiti na bakin hanya aka ƙara mata leda biyu, a ranar da babu mai sukunin tambayar jinin waye, an gwada ko ba a gwada ba. Jinin ya ceci ranta, ya kuma bar mata cuta. Sai bayan shekara biyar aka gano, ranar da ta je ba wa wata abokiyar aikinta jini. Ta sha magani, ƙwaya ɗaya kullum, mako goma sha biyu ba fashi. Bayan wata uku aka yi mata babban gwaji aka ce babu sauran komai.

"Takardar na gida, Baba. Sai in kawo muku."

Maman Othniel ta tafa hannu. Ita ce shugabar Zumuntar Mata, kuma tun farko auren nan bai kwanta mata ba. 'Yar garinsu ta so wa ɗanta, mai uba a raye da gida a Jimeta, ba marainiya 'yar Demsa mai zaman ɗakin haya ba.

"Takarda na shekara huɗu!" ta ce, cikin Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Wannan na hannun Baba na yau ne. Ciwo ya dawo. Yarinya nan zai kashe mini yaro ina ji ina gani!"

Baba Philemon ya juya. "Othniel, ka san da wannan magana?"

Ya sani mana! Haba jama'a, ya sani sarai. Shekara biyu da suka wuce, a bakin kogi wajen masu gasa kifi, kafin ta amsa masa ko kalma ɗaya ta so, sai da ta danƙa masa takardar a hannu. Ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ketu, ko da ba ki warke ba, ni na ji na gani."

Yanzu kuma ya saci kallon uwarsa. Ta zare masa ido.

"Ban sani ba, Baba."

Keturah ta yi mutuwar zaune. Ko bayanin da ta shirya yi ya ɓace mata. Dattawa suka ce a dakata da komai tukuna, uwa ta tasa ɗanta a gaba suka fice, ita kuma aka bar ta a kujera tana kallon bango.

*

Ranar Litinin da la'asar, ta dawo daga makaranta ke nan, ta ji sallama a ƙofar ɗakinta a unguwar Limawa. Nicodemus ne, da ledar lemu da kankana a hannu.

Shi ne ma'aikacin ɗakin gwajin da coci ke tura masu aure, shi ne kuma shugaban masu nuna wa mutane wurin zama ranar Lahadi. Shekara uku da suka wuce ya nemi Keturah, ta ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce ba komai. Ashe da komai.

"Sista Keturah, na zo in yi miki jaje."

Ba ta ba shi kujera ba. "Buroda Nico, ban faɗa maka ba? Kana ɗaure mini hannu da roba na ce maka na taɓa yi na warke, ka rubuta musu cewa sai an yi babban gwaji. Me ka ce mini?"

"Na ce kar ki damu."

"To me ka rubuta?"

"Abin da tsinken gwaji ya nuna. Layi biyu ya fito, Sista. Ni ma'aikaci ne, ba zan canja sakamako ba."

"Wa ya ce ka canja? Layi ɗaya na bayani a ƙasa, shi ne ya fi ƙarfin bironka?"

Ya ajiye ledar a dakali, ya sassauta murya, har da wani lumshe ido. "Ki bar wannan maganar. Ki duba waye ya zo yau, waye bai zo ba. Ni na san ciwon nan ba a ɗaukarsa a kofi, ba a ɗaukarsa a kwano. Ba na tsoronki. Shi wancan ɗan Mama ya gudu, ni kuwa a shirye nake in aure ki a haka."

Sai yanzu ta gane.

"Au! Wato kai ka tura ni rijiya don ka zo da igiya?"

"Haba Sista..."

Ta ɗauki ledar ta wurga tsakar gida. Kankana ta fashe, lemu ya watse har ƙarƙashin igiyar shanya.

"Fita! Ko maza sun ƙare a Adamawa ba zan aure ka ba. Ka je ka jira ni, Nicodemus. Allah ya sani sai ka maimaita aikin nan da bakinka a gaban mutane."

*

Washegari ta hau keke ta nufi cikin Yola, gidan su Adda Munirat.

Gidan ba baƙonta ba ne. Lokacin gudun Mubi mahaifin Munirat ya buɗe ƙofarsa ya sauki mutum arba'in da wani abu, bai tambayi addinin kowa ba. A ɗakin Munirat Keturah ta yi jinyar cinyarta wata uku. Munirat nas ce, ita ce kuma ta tsaya mata lokacin shan magani.

Tana ganinta kukan da ta riƙe kwana biyar ya ɓalle. Munirat ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙa mata ruwa.

"Sha. Yanzu ki saurare ni da kyau. Wannan gwaji na tsinke ba cutar yake gani ba. Sojojin da jikinki ya tara don yaƙarta yake gani, su kuwa ba sa tafiya ko an gama yaƙi. Ko shekara tamanin kika yi aka ɗiga jininki, layi biyu zai nuna. Nicodemus ya san haka, ɗan aji ɗaya a makarantarsu ma ya sani."

"To lafiyata ƙalau ke nan, Adda?"

"Ban ce ba."

Keturah ta ajiye ruwan ta zuba mata ido.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Wanda ya warke da wuya tsohon ciwon ya tashi. Amma warkewa ba rigakafi ba ce, ana iya sake ɗauka sabo. Tun bayan maganin, an ƙara miki jini?"

"A'a."

"Masu yankan farce na bakin titi? Huda kunne? Reza ta aro?"

"Ko kusa."

"Allura fa?"

Sai Keturah ta tuna wani abu. Bara da damina zazzaɓi ya kayar da ita, maƙwabciya ta raka ta kemis ɗin unguwa aka yi mata allura kwana uku. Ta matsa wa ƙwaƙwalwarta ta tuno ko ta ga an fasa sabon sirinji a gabanta. Ba ta tuna ba. A lokacin ko idonta ba ta iya buɗewa.

Munirat ta girgiza kai. "Ke ma da ganganci. Tashi mu je asibiti a ɗauki jininki. Babban gwajin shi ke neman ƙwayar cutar kanta, ya ƙirga ta. In babu, babu. In akwai, magani na nan, a sake sha. Kwana goma za ki jira."

"Kwana goma, Adda? A cikin bakin mutanen nan?"

"Kin yi kwana biyu a duwatsu ba takalmi. Ɗauki jakarki."

*

Kwanakin nan Keturah ta ga duniya. A ɗakin malamai aka ware mata kofi, aka ɗaura masa jan zare a hannu. Mai yi mata kitso ta ce hannunta na ciwo. Uwayen yara biyu suka je wurin hedimasta suna tambaya ko ba za a canja wa 'ya'yansu aji ba. Duk wanda ya yi mata, tana ajiye sunansa a zuci, tana cije leɓe.

A rana ta bakwai Othniel ya zo.

Ya rame, gemu ya fito masa birjik. Tana ganinsa a bakin ƙofa zuciyarta ta yi tsalle, ta ji haushin kanta ƙwarai. Tana son mutumin nan, wannan ita ce masifar. Tana son sa har yanzu.

Ya durƙusa a kan siminti, da wandon ofis da komai.

"Ketu, ki yafe mini."

"Wace ce Ketu? Ka san ta?"

"Don Allah kar ki yi mini haka. Kwana goma sha biyu ban yi barcin kirki ba."

"Ni kuma biki nake ta yi, ko ba ka gani ba?"

Hawaye suka zubo masa. "Kin san Mama da hawan jini. Da na ce na sani, a wurin za ta faɗi. Za ta ce na haɗa baki da ke na ɓoye mata shekara biyu. Bakina ne ya kuɓuce, Ketu. Kafin in yi tunani maganar ta fita."

"Bakinka ya kuɓuce ranar Alhamis. Ranar Juma'a fa? Asabar fa? Ranar Lahadi da aka tsallake sunanmu ina kallonka kana kallon littafi, nan ma bakin ne?" Muryarta ta karye. "Ka san abin da ka mayar da ni? Ba mai ciwo kawai ba. Maƙaryaciya! Wadda ta ɓoye cuta don ta cuci ɗan mutane. Ni da na ba ka sirrina kafin in ba ka zuciyata, Othniel. Ni!"

"Na sani. Na yi laifi. Ina son ki, Allah ne shaidata."

Ta zauna a bakin dakali tana kuka, shi ma yana yi. Sun jima a haka. Can ta share fuska da gefen zaninta. Ta yanke a ranta cewa za ta buɗe masa ƙofa ɗaya, in ya shiga ta yafe komai.

"Na je an ɗauki jinina. Saura kwana uku. Adda Munirat ta ce mai yiwuwa ne na sake ɗauka."

Ya ɗago da sauri. "Ya iya dawowa?"

"Ya iya. To ina tambayarka. In takarda ta zo ta ce akwai, za ka tsaya a gaban Mama ka ce ka sani tun farko, kuma za ka jira ni in sha magani mako goma sha biyu?"

Ta zuba masa ido. A zuci roƙonsa take, ka ce e, ɗan kirki, ka ce e kawai.

Ya murza yatsunsa. Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofa.

"Mu jira sakamakon tukuna, Ketu. Allah ba zai bari ya zama haka ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. Hawayen suka tsaya cak.

"To. Mu jira," ta ce.

*

Ranar Juma'a Munirat ta zo har makaranta da takardar a hannu. Tun daga nesa take ɗaga ta sama tana dariya.

"Babu! Ko ɗaya ba a gani ba! Ga kuma wasiƙar likita da bayanin komai."

Keturah ta zube a ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta ce, "Na gode, ya Ubangiji." Ta faɗa ya fi sau goma. Amma Munirat ta lura ba ta yi dariya ba.

"Ke, wannan idon naki bai yi mini ba. Me kike ƙullawa?"

"Sujada kawai zan je a coci, Adda."

Da yamma ta kai wa Baba Philemon takardun. Tsohon ya karanta, kunya ta rufe shi, ya yi ta ba ta haƙuri. Ya ce jibi Lahadi zai karanta sanarwa ta biyu da babbar murya. Ta ce ta gode, alfarma ɗaya take nema: a ba ta minti biyar na ba da shaida kafin sanarwa. Ya ce ko goma take so.

Labari ba ya kwana a Karewa. Ranar Asabar da hantsi sai ga Maman Othniel a Limawa, da kwanon miyar kifi da murmushi har kunne.

"'Yata! Ai ni na san Shaiɗan ne. Kullum ina addu'a a kanki."

Keturah ta durƙusa ta karɓi kwanon. "Na gode, Mama."

Othniel na bayanta yana washe baki, ya yi aski, ya dawo mutum. Ya raɗa mata, "Ban faɗa miki ba? Na ce Allah ba zai bari ba."

"Ka faɗa," ta ce.

Da suka tafi ta buɗe akwati ta fito da farar rigar da tela ya gama tun watan jiya. Ta shimfiɗa ta a gado, ta zauna kusa da ita ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Sau biyu ta ce a ranta ta haƙura, ai komai ya wuce, wa ya taɓa samun namiji cikakke? Sau biyu kuma muryarsa ta dawo mata tana cewa a jira sakamako. Ta ninke rigar ta mayar.

*

Coci ya cika maƙil ranar Lahadi, har da waɗanda rabonsu da sujada tun Kirsimeti. Zafin Afrilu ya sa kowa na fifita da takardar shiri. Da aka kira Keturah, fifitar ta tsaya.

Ta karɓi makirfo, ba ta yi waƙar buɗewa ba kamar yadda masu shaida suka saba.

Ta faɗi Mubi, ta faɗi motar, ta faɗi jinin. Ta faɗi mako goma sha biyu na magani. Ta ɗaga takarda ta karanta sakamakon, ta karanta wasiƙar likita kalma bayan kalma. Tafi ya ɓarke, wani ya yi ihun "Halleluya!"

"Ban gama ba," ta ce. "Buroda Nicodemus, kai ne masani a cikinmu. Zo ka taimake ni."

Yana tsaye a bakin ƙofa da ɗamarar masu tsari a kafaɗa. Ya yi kamar bai ji ba. Mutum ɗari huɗu suka waiwaya. Dole ya tako, gumi na tsiyaya masa. Ta miƙa masa makirfo a baki, ba ta saki ba.

"Wanda ya warke daga ciwon nan, in aka yi masa gwajin tsinke, me zai nuna?"

"Zai... zai iya nuna layi biyu."

"Har yaushe?"

"Har abada."

"Ka san haka ranar da ka ɗauki jinina?"

Ya kau da kai.

"A gidan Allah kake, Buroda."

"Na sani."

"Na faɗa maka na taɓa yi na warke, ko ban faɗa ba?"

"Kin faɗa."

"Da ka zo ɗakina da kankana kana cewa za ka aure ni a haka, kwana nawa ke nan da aika ambulan?"

Coci ya kaure da surutu da tsaki. Wata tsohuwa ta ce, "Kai, mugun yaro!" da ƙarfi. Nicodemus ya cire ɗamarar ya ajiye a benci, ya fita ta ƙofar gefe kansa a ƙasa. Keturah ta bi shi da ido har ya ɓace, ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Daɗi ta ji, gaskiya, daɗi sosai.

Ta juya ga bencin Zumuntar Mata. "Iyayena, ciwon nan ta jini yake shiga. Ba ta kofi ba, ba ta littafin waƙa ba. Wadda ta ce zan kashe mata ɗa, ga takarda nan, in tana so a karanta mata da yarensu."

Maman Othniel ta yi tsuru-tsuru tana gyara ɗankwali. Keturah ta koma kujerarta a cikin kwaya ta zauna.

Baba Philemon ya hau da sauri don ya rufe ɓarakar. Ya gyara murya.

"Sanarwa ta biyu! Ana sanar da ikkilisiya shirin aure tsakanin ɗan'uwa Othniel da 'yar'uwa Keturah."

Guɗa ta tashi, ta fi ta farko. Othniel ya ɗago hannu yana yi wa mutane godiya. Tsohon ya jira aka lafa, sannan ya yi tambayar da ake rufe kowace sanarwar aure da ita, wadda tun da aka gina cocin ba a taɓa amsawa ba.

"In akwai wanda ya san wani dalili da zai hana a ɗaura wannan aure, ya miƙe yanzu."

Har ya fara ninke takarda. Sai kujera ta yi ƙara a bayansa.

Keturah ce a tsaye.

"'Yata, kin riga kin gama shaidarki. Zauna."

"Tambaya ka yi, Baba. Na san dalili."

Ko tari babu mai yi. Muryarta ta kai har bencin baya ba makirfo.

"Shekara biyu da suka wuce na sa wa mutumin nan takardar warkewata a hannu, ya karanta. Kuka tambaye shi a ofis, ya yi muku ƙarya, ya bar ni da sunan mayaudariya. Na yafe wannan. Na tambaye shi, in ciwon ya dawo zai tsaya da ni? Ya ce mu jira sakamako." Ta zare zoben alkawari daga yatsanta ta ajiye a kan teburin da ake tara kuɗin baikon coci. "Yau takarda ta yi kyau, yana so na. Ni kuma jikin mutum gare ni, wata rana zan sake kwanciya ciwo. Ba zan auri wanda sai ya ga sakamako ba."

"Ketu!" Othniel ya miƙe zumbur. "Ketu, don Allah!"

Ta sauko ta bi tsakiyar coci, tsakanin benci da benci, ba ta kalli kowa ba. Ta rama. Duk ta rama, ba ta bar ko ɗaya ba. To me ya sa ƙirjinta ke zafi haka kamar an zuba mata barkono?

Ta kai rabi ta ji takun takalminsa a bayanta. Ta san takun, ko a kasuwar Jimeta za ta gane shi. Ba ta waiwaya ba, amma ta rage sauri. Allah ya sani ta rage sauri. In ya biyo ta har waje a gaban mutanen nan, in ya riƙo hannunta uwarsa na kallo...

Takun ya matso. Saura taku uku, saura biyu.

"Othniel!" Muryar uwarsa ta tsaga cocin. "Dawo ka zauna!"

Keturah ta riƙe numfashi, ƙafarta ɗaya a bakin ƙofa.

Takun ya tsaya.